Hazon Delhi mai ƙauri

Tun jirgi bai gama tsayawa ba na ji ƙaurin. Da farko na ɗauka wani abu ne ya ƙone a ciki, har ina waige-waigen ma'aikata, sai na ga kowa sha'aninsa yake yi. Wani Ba'indiye da ke gefena ya zaro takunkumi daga aljihu ya ɗaura, ya dube ni ya gyaɗa kai, kamar mai cewa sannu da zuwa. Na leƙa taga. Hantsi ya fara, amma ban ga gini ba, ban ga bishiya ba, sai fitilun filin jirgi suna ƙyalli a cikin wani abu mai launin ruwan toka.

Kawuna na rako asibiti, za a yi masa aikin gwiwa. Daga Kano muka tashi, muka yada zango a Addis Ababa, muka sauka Delhi a tsakiyar Nuwamba 2024. Kawu tsohon ɗan kasuwa ne, ya yi shekara arba'in a Kantin Kwari, kuma abin da ya sani game da Indiya, kamar yawancinmu, daga finafinai ne: furanni, korayen tsaunuka, sararin sama garau. Da aka turo shi a keken marasa lafiya zuwa bakin ƙofar fita, ya ɗaga kai ya dubi sama.

"Ashe su ma suna hunturu," in ji shi.

Na miƙa masa takunkumi, ya ture hannuna. "Kai yaro, hazo ne fa. Mu da muka tsufa a cikinsa?"

Ban yi masa musu ba, don ni ma a raina haka na ɗauka. Ɗan Kano ba baƙon hazo ba ne. Kowace shekara daga Disamba zuwa Fabrairu muna wayar gari rana ta zama kamar farin faranti, a soke tashin jirage, leɓe ya tsage, ƙafa ta yi kaushi da faso. Mun ma san inda abin yake fitowa, ko da ba mu san sunan wurin ba: wani kwari ne a arewacin Chadi da ake kira Bodele, gindin wani tsohon tafki da ya ƙafe tun shekaru dubbai, inda iska ke ratsowa ta tsakanin duwatsun Tibesti da Ennedi ta kwashi farar ƙura ta nufo mu da ita. Wannan hazon busasshe ne, ba shi da wari. Ka share shi a kan tebur, ka shafa mai, ka ci gaba da harkarka.

Na Delhi da laima a jikinsa, kuma yana ƙauri. Wani lokaci kamar an ƙona kara, wani lokaci kamar leda, da dare kuma kamar bayan tsohuwar tirela. Yana sa ido yaji. Ranar farko da na zo alwalar magariba a masaukinmu, na shaƙa ruwa na fyace, abin da ya fito baƙi ne kamar kwalli. Farar hular da na sa da safe, kafin dare bakinta ya yi dauɗa kamar na kwana uku da ita. A kwana na biyu Kawu ya fara wani busasshen tari da ya hana mu barci duka. Da asuba ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Ina abin nan naka?" Na ba shi, ban ce komai ba.

Wata matashiyar likita ce ta fara warware mini lamarin, a lokacin da take auna numfashin Kawu kafin aiki. Ta ce ƙurar da ido ke gani ba ta cika ba su tsoro ba, don hanci da maƙogwaro suna tare mafi yawanta. Abin tsoron shi ne ɓurɓushin hayaƙi da suke kira PM2.5, wanda sai an jera kusan talatin kafin su kai kaurin silin gashin kai. Shi wannan yana wucewa har can ƙasan huhu, wani ma ya shiga jini. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada ya wuce maikirogiram 15 a kowace kubik mita ta iska (wato mita ɗaya a tsawo, faɗi da zurfi), a matsakaicin yini guda. A makon nan, in ji ta, ana ganin ɗari uku, ɗari huɗu, wasu unguwannin ma sama da haka. Kuma shi ne yake cinye gani: ƙananan ƙwayoyin suna tsotsar laimar da ke cikin iska su kumbura, su tarwatsa haske, shi ya sa gari yake yin dishi-dishi ko da tsakar rana.

Mutanen Delhi suna da lamba. Yadda ɗan kasuwarmu ke tashi da safe ya tambayi nawa dala ta kwana, haka su ke duba waya su ga nawa iska ta kwana. Ma'aunin gwamnatinsu daga 0 ne zuwa 500, in ya haura 400 an shiga matakin da suke kira mai tsanani. Mai gadin masauki ya san lambar, mai sayar da shayi ya santa, har yaran da ke tura Kawu a keke. Ranar Litinin 18 ga Nuwamba lambar ta kai 494. Aka rufe makarantu yara suka koma karatu ta intanet, aka dakatar da gine-gine, aka hana manyan motocin dizal shiga gari sai masu ɗauke da kayan masarufi. Duk wannan yana cikin wani tsari mai hawa huɗu da suke kira GRAP, wanda aka fara aiki da shi a 2017. Lambar na hawa, dokar na ƙara tsauri.

A ranar ce, don taurin kai irin na baƙo, na ce sai na ga Ƙofar Indiya. Gini ne mai tsawon mita 42, a tsaye a fili, babu abin da ya kare shi. Na sauka daga adaidaita sahu, direban ya nuna mini da hannu ya ce ga ta can. Na duba, babu komai. Na yi ta tafiya a ƙasa, sai can ta fara fitowa kamar mutumin da ke tahowa daga cikin hayaƙin gobara, inuwa tukuna, sannan baka, sannan rubutun da ke jiki. Fadar shugaban ƙasa da ke ɗaya ƙarshen titin kuwa, sai dai labari. Rana tana sama, ja kamar sabon kwabo, kana kallonta ido da ido ba ta kashe maka gani. Wasu motocin tanki suna bin titi suna fesa ruwa sama don ya kwantar da ƙura. Na tsaya ina kallonsu, na tuna mai yayyafa wa ƙofar shago ruwa da buta alhali guguwa ta taso.

Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne me ya sa sai a wannan lokacin. Motocin nan suna nan a watan Yuli, masana'antun ma suna nan. Amsar tana ga yanayin garin. Da zafi, ƙasa na ɗaukar rana, iskar da ke kanta ta yi ɗumi ta tashi sama da duk hayaƙin da ke cikinta, in damina ce kuma ruwa ya wanke saura. Daminarsu na ɗaukewa a Satumba. Daga nan dare ya ƙara tsawo, ƙasa ta riƙa hucewa da wuri, iskar da ke kusa da ita ta yi sanyi ta yi nauyi ta kwanta, mai ɗumi ta hau kanta ta zauna kamar murfin tukunya. Duk abin da aka ƙona a ƙasa, nan zai tsaya. Ga tsaunukan Himalaya sun tokare arewa, ga iska ta mutu. Duk wanda ya taɓa shiga ɗakin girki da aka hura ɗanyen itace aka rufe taga ya san yadda abin yake, sai dai wannan ɗakin ya taso tun daga Lahore a Pakistan ya miƙa har wajen Bihar, kuma a kusurwar Delhi kaɗai akwai mutum sama da miliyan 30.

To wa ke hura wutar? Nan ne kowa ke da nasa mai laifin. Mai masaukinmu ya ce manoman Punjab ne, babu wani. Wani malamin makaranta da muka haɗu a ɗakin jira ya ce wasan wutar bikin Diwali ne, wanda aka yi a ƙarshen Oktoba, makonni biyu kafin zuwanmu. An hana, amma an kwana ana fasawa. Mai adaidaita sahu ya ce masu manyan motoci ne, shi tasa da iskar gas take aiki, kuma gaskiyarsa, tun farkon shekarun 2000 Kotun Ƙoli ta tilasta wa bas-bas da adaidaita sahun garin barin dizal da fetur. Kowa ka tambaya, yatsarsa na nuna waje.

Direban tasin da muke ɗauka kullum mabiyin addinin Sikh ne, dattijo mai rawani da gemu fari, kowa na ce masa Sardarji. Duk lokacin da rediyo ya ambaci manoma sai ya tsuke fuska. Bayan an yi wa Kawu aiki lafiya ya fara dogara sanda, sai Sardarji ya ce mini zai kai wa ƙanensa saƙo a ƙauye, gaba da Karnal a jihar Haryana, in ina so in zo in gani da idona. Kawu ya ce in tafi, ya gaji da ganina a kansa.

Muka fita da sassafe ta babbar hanyar arewa, fitilun mota a kunne, gudu kamar na masu rakiyar amarya. Muka karya kumallo a Murthal, inda ake jere da gidajen abinci na matafiya, da wata gurasa mai dankali a ciki da curin farin man shanu a kai. Daga Panipat gonaki suka buɗe, shimfiɗe kamar tabarma, babu tudu ko ɗaya. Wasu an riga an shuka alkama ta fara huda. Wasu kuwa baƙi ƙirin, layi-layi, kamar an zana su da gawayi. Nesa-nesa kana hango dogayen hasumiyoyin wuraren gasa bulo.

Ƙanen nasa ya tarbe mu da shayi mai madara, ya kai ni gonar maƙwabcinsa da ba a riga an gyara ba. Ya tsuguna ya kama kututturen shinkafa ya nuna mini. Injin girbi ba ya yanka daga tushe kamar lauje. Kai yake sarewa, ya bar kara a tsaye ya kusa gwiwa, ya watsar da bambaro a bayansa. Na ce masa a wurinmu wannan ai kuɗi ne, makiyaya za su saya, ko su shigo da shanu su cinye su bar maka taki. Sardarji ya fassara, mutumin ya yi dariya. Ya ce shanunsu bambaron alkama suka sani, na wannan shinkafar yana da kaushi, ba sa so. Kuma ko suna so, wa zai tattara na eka goma a cikin sati biyu?

Sati biyun nan shi ne gindin maganar. Shinkafa ba abincin asalin yankin ba ce. Gwamnati ce ta kwaɗaitar da su nomanta tun zamanin da ƙasar ke fafutukar ciyar da kanta, tana saye a tsayayyen farashi, tana ba da lantarkin jan ruwa kyauta ko da araha. Rijiyoyin burtsatse suka yi ta zuƙe ruwan ƙasa har abin ya zama barazana. A 2009 Punjab da Haryana suka kafa dokar hana dashen shinkafa sai a tsakiyar Yuni, gab da saukar damina, don a rage jan ruwa. Dashe ya ja baya, girbi ma ya ja baya zuwa ƙarshen Oktoba da Nuwamba, ita kuwa alkama ba ta jira, in ta wuce tsakiyar Nuwamba amfani ya ragu. Sai ƙonawar ta faɗo daidai lokacin da murfin nan ke sauka, iska kuma na busowa a hankali daga arewa maso yamma, kai tsaye zuwa Delhi. An yi maganin ƙishirwa, an sayo tari.

Akwai injin da ke shuka alkama a cikin karan ba tare da an ƙona ba, suna kiransa Happy Seeder, gwamnati na rage kuɗinsa. Ƙanen Sardarji da shi ya yi aiki bana, haya ya ɗauko. Amma ya ce yana buƙatar babbar tarakta da dizal, kuma lokacin da kake nema kowa ma nema yake. Ashana kuwa rupi ɗaya ce. A farkon Nuwamban 2024 aka ninka tarar ƙonawa, daga rupi 5,000 ga mai ƙaramar gona zuwa 30,000 ga mai sama da eka biyar. Wani saurayi da ke tsaye ya nuna sama yana dariya, ya ce tauraron ɗan'adam da ke ƙirga wutar da tsakar rana yake wucewa, don haka mai wayo sai la'asar yake ƙyasta ashanarsa. Da muka juyo da yamma na ga gaskiyarsa: can gefen hanya wani jan zare na wuta yana tafiya a gona, hayaƙin bai tashi sama ba, ya kwanta yana bin ƙasa kamar ruwa.

A mota Sardarji ya yi shiru mai tsawo, sannan ya ce, "Ɗan'uwa, ka dawo a Janairu. Babu gona ɗaya da ke ci a lokacin. Ka zo ka ga ko za ka hangi Ƙofar Indiya."

Nan ma da gaskiyarsa. A ranakun da ƙonawar ta fi yawa, hayaƙin gonaki kan kai kashi ɗaya cikin uku na abin da Delhi ke shaƙa, wani lokacin ya ɗara, amma 'yan makonni ne. Sauran na gida ne, kuma ba ya hutu: miliyoyin motoci da babura, ƙurar gine-gine da ta tituna, masana'antu da tashoshin lantarki masu ƙona kwal a kewayen birnin. Hukumomi sun rufe tashar lantarkin Badarpur da ke cikin gari a 2018, sun gwada dokar yau motoci masu lamba mara su fito, gobe masu cika tun 2016, sun gina wata hasumiyar tace iska a Connaught Place a 2021. Ni dai da na wuce ta kusa da hasumiyar ban ji bambanci a maƙogwarona ba.

Wata rana muka bi ta gabashin birnin, na hango wani tsauni a cikin hazo, shirwa na ta shawagi a kansa. Na tambaya wane dutse ne wannan, don ya yi mini kama da Gwauron Dutse. Sardarji ya ce bola ce. Jujin Ghazipur ke nan, tun 1984 ake zuba masa shara, tsawonsa ya haura mita 60, ya kusa kamo hasumiyar Qutub Minar. Ruɓaɓɓen abin da ke cikinsa na fitar da iska mai kama wuta, sai ya riƙa ci ta ciki kwana da kwanaki. Akwai irinsa biyu, a Bhalswa da Okhla.

Amma wutar da ta fi tsaya mini a rai ƙarama ce. Dare ɗaya barci ya ƙi zuwa, na sauko ƙofar masauki wajen ƙarfe biyu. Mai gadinmu ɗan Bihar ne, siriri, ya naɗe kai da mayafi har kunne. Ya tsuguna gaban wani fasasshen kwano, yana jefa masa yagaggen kwali, busassun ganye, guntun katako mai fenti, da ledojin biskit. Harshen wutar kore-kore, hayaƙin na shiga ido. Na duba layin, kusan kowace ƙofa akwai irin wannan ja-ja a gabanta, har inda ido ya tsaya. Wannan mutumin shi ne da safe ya gaya mini lambar iska, ya ce kada in bar Baba ya fita. Ya matsa mini wuri, ya nuna kwanon. Sanyi na ratsa ƙashi. Na tsuguna na miƙa hannuwana, har da tura masa wani kwali da ke kusa da ƙafata.

Juma'ar ƙarshe na yi salla a Jama Masjid, masallacin da Sarki Shah Jahan ya kammala a 1656, na biya na hau hasumiyar kudu. Iska ta ɗan motsa a ranar, lambar ta sauko ƙasa da 400, mutane har suna cewa gari ya yi kyau. Daga sama na hango jan bangon Lal Qila, tsohuwar fadar sarakunan Delhi, dishi-dishi, shi da yake nan kusa. Yara suna ta ɗaukar hoto, babu mai takunkumi ko ɗaya a cikinsu.

Muka dawo Kano a farkon Disamba, hunturu ya fara shigowa. Washegari da asuba na riƙe wa Kawu hannu zuwa masallacin unguwa, yana gwada sabuwar gwiwarsa. Hazonmu ne, fari, busasshe, har na ji daɗin ganinsa. Muna kawowa kwanar mai shayi sai hancina ya tsinci wani abu a ƙarƙashinsa. Almajirai sun kewaye wata tsohuwar taya suna jin ɗumi. Bolar bayan layi na hayaƙi tun jiya. Janareton gidan burodi na ta ruri, wani adaidaita sahu ya wuce ya bar mana baƙin tuƙuƙi a fuska. Shekara nawa ina bin wannan hanyar ban taɓa kula ba.

Kawu ya tsaya, ya dogara sanda, ya shaƙa sau biyu.

"Kai yaro," in ji shi, "takunkuman nan da suka rage, ka zubar ne ko suna cikin jaka?"